Shuka mai ƙamshin abarba: za ta rayu a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanwata ta kawo min wata shuka a tukunya, in aka murza ganyenta sai ƙamshin abarba ya tashi. Ta ce sunanta Salvia elegans. Ina Gwammaja, tsakar gidanmu duk siminti ne. Yaya zan raya ta, kuma a wane abinci ake sa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shukar nan dangin na'a-na'a da ɗaɗɗoya ce, amma kada ki yi mata riƙon ɗaɗɗoya. Asalinta dazuzzukan kan tsaunukan Meziko da Gwatamala ne, inda iska ke da sanyi. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40, kuma shi ne zai fi wahalar da ita.

Ki ajiye ta inda hantsi zai same ta, amma kafin azahar inuwa ta rufe ta. Kada tukunyar ta zauna kai tsaye a kan siminti, domin zafinsa yana dafa saiwa. Ki ɗora ta a kan katako ko bulo. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, a huda gindinta, a haɗa ƙasa da yashi da takin da ya ruɓe sosai. Da bazara ki ba ta ruwa safe da yamma. Tana jin ƙishirwa ganyen zai langaɓe, tana sha ya miƙe. Da damina kuma kwanciyar ruwa ce ke ruɓar da ita.

Abin da na fi so ki yi shi ne, da damina ki yanki rassa masu tsawon santimita 10, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa har su yi saiwa, ki dasa. Ko uwar ta faɗi da bazara, kina da 'ya'ya. Jan furenta yana fitowa ne idan yini ya fara gajarta, bayan damina, kuma ana cinsa.

Wajen girki, ƙamshin nan ba ya jure wuta, shanya ganyen ma tana rage shi ƙwarai. Saboda haka ɗanyensa za ki yi amfani da shi. In kin sauke zoɓo, ki jefa ganye kaɗan, ki rufe har ya huce, sannan ki tace. A shayi ma haka. Ki yanka shi ƙanana a kan gwanda, kankana ko mangwaro, ko ki barbaɗa a gasasshiyar kaza bayan an sauke. A miyar kuka ko taushe kuwa asararsa za ki yi, daddawa za ta danne shi.