Amsa ga ƙaninmu mai shirin tafiya karatu Rasha

Ƙanena, na ga tambayarka cewa ka samu gurbin karatu a Rasha, kana son sanin bukukuwansu da yadda baƙo musulmi zai yi idan an gayyace shi. Allah ya sanya alheri. Shekara 6 na yi a Kazan, babban birnin yankin Tatarstan, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Da farko ka cire 25 ga Disamba daga lissafinka. Shekarata ta farko na yi kwanciyata a ɗaki ina zaton hutu ne, ashe har gwaji aka yi a aji. Cocinsu na Otodoks da tsohuwar kalanda yake aiki, wadda ke bayan ta gwamnati da kwana 13, shi ya sa Kirsimetinsu ke faɗawa 7 ga Janairu, kuma shiru ake yin ta. Babbar sallarsu ita ce sabuwar shekara. Zamanin Tarayyar Sobiyet an danne bukukuwan addini, sai aka kwashe bishiyar ado da rabon kyauta aka mayar daren 31 ga Disamba. Mai kawo wa yara kyauta wani tsoho ne mai farin gemu, Ded Moroz, tare da jikarsa Snegurochka. A kowane gida za ka tarar da lemun tanjarin da kwaɗon Olibiye, wanda ake haɗawa da dankalin turawa da ƙwai da karas da mayonis. Gab da sha biyun dare shugaban ƙasa ya yi jawabi a talabijin, agogon Kremlin, fadar gwamnatinsu a Mosko, ya buga, sai gari ya ɗauka da wasan wuta. Hutun yakan kai 8 ga Janairu. Daren 13 ga wata kuma su sake zama, wai "tsohuwar sabuwar shekara". Mutanen nan ba sa barin biki ya wuce su.

Amma ni wanda ya fi kwanta mini shi ne Maslenitsa, makon sallamar hunturu, a Fabrairu ko Maris, kafin su shiga dogon azuminsu. Mako guda ana suyar blini. Ka ɗauka sinasir ne, sai dai na fulawa da madara, kuma ya fi shi siranta nesa ba kusa ba. Suna cewa siffar rana ce. A ci da man shanu ko zuma ko smetana, wani kakkauran kirim mai ɗan tsami kamar kindirmo. A al'adar coci ba a cin nama a makon, to ka ga hankalinka a kwance. Ranar Lahadi a ƙona wata ƙatuwar mutum-mutumi ta ciyawa a fili, alamar sanyi ya tafi, ko da yake ni dai ban taɓa ganin ya tafi a ranar ba.

Wannan Lahadin ita ce ranar neman gafara. Akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofar masaukinmu, kullum cikin faɗa muke da ita kan dawowar dare da ƙamshin yajin girkinmu. Ranar ta tare ni ta ce "prosti menya", wato ka yafe mini. Na tsaya sororo. Wani ɗan ajinmu ya raɗa mini amsar: "Bog prostit", Allah zai yafe. Wallahi sai na tuna safiyar sallah a gida, ana bin dangi ana a yafi juna. Tun daga ranar ta riƙa ajiye mini blini.

Ranar 19 ga Janairu suna fasa ƙanƙarar kogi su nutsa ciki sau uku. Ibadarsu ce, kai ɗan kallo ne, kar wani ya zuga ka.

Ranaku biyu kuma ka kiyaye. 8 ga Maris ta mata ce, a kai wa malamai furanni, amma adadin ya zama mara, 3 ko 5, don cika ta makabarta ce. Sai 9 ga Mayu, ranar nasara a Yaƙin Duniya na Biyu. Tarayyar Sobiyet ta rasa mutane wajen miliyan 27, da wuya ka samu gidan da bai yi rashi ba. Ba ranar raha ba ce.

In Tatarstan aka tura ka, ka dace. Sallah ƙarama da babba, Uraza Bayram da Kurban Bayram, duk hutu ne a can. A watan Yuni ga Sabantuy, bikin gama shuka, inda ake kokawa da tawul a ƙugu, gwani ya saɓa rago a kafaɗa ya tafi da shi.

Maganar gayyata kuwa, ka je, kar ka noƙe. Ka riƙe ɗan cakulan a hannu, ka cire takalmi a bakin ƙofa. In an miƙo giya ka ce "ya ne pyu", ba na sha, sun saba da makwabtansu Tatar, mutanen Tatarstan da galibinsu musulmi ne, za su zuba maka ruwan 'ya'yan itace. Olibiyen nan ne dai sai ka tambaya, don sau da yawa akwai naman alade a ciki.