Filin Tambaya da Amsa: Ina Jihohi Uku Suke Haɗuwa, Kuma Me Ya Karkatar da Iyakokinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Bajoga. Ina so in kai ɗalibaina wurin da Gombe da Yobe da Barno suka haɗu, su taka shi da ƙafarsu. Taswirar wayata ta nuna mini wani wuri, mutanen ƙauyukan da ke kusa kuma sun ce ba nan ba ne. Wa zan bi? — Wani malami, Bajoga

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Takarda za ka fara bi, sannan mutanen ƙauye, waya ita ce ta ƙarshe.

Kundin tsarin mulki na 1999 bai zana iyakar kowace jiha da layi ba. A jadawalinsa na farko, sunayen ƙananan hukumomi kawai ya jera: Bauchi 20, Gombe 11. Abuja ce kaɗai aka rubuta wa lambobin awo. Ke nan iyakar jiha ita ce iyakar ƙananan hukumominta, su kuma sun gaji iyakar gundumomin hakimai na zamanin En'e. Layin da kake gani a waya an kwafo shi ne daga taswirori na gaba ɗaya, yana iya kauce wa ainihin wurin da nisa mai yawa, kuma ba hujja ba ne a gaban hukuma.

Ga lissafin da ɗalibanka za su ji daɗinsa. Jihar da ba ta taɓa iyakar wata ƙasa ba, yawan wuraren da take haɗuwa da jihohi biyu a lokaci guda daidai yake da yawan maƙwabtanta. Gombe tana da biyar: Bauchi, Yobe, Barno, Adamawa da Taraba, don haka mahaɗarta biyar. Bauchi tana da bakwai: Kano, Jigawa, Yobe, Gombe, Taraba, Filato da Kaduna. Biyu daga ciki na tarayya ne tsakanin Bauchi da Gombe, ɗaya a arewa tare da Yobe, ɗaya a kudu tare da Taraba. Wadda kake nema tana yankin kogin Gongola, arewa da madatsar Dadin Kowa, inda ƙaramar hukumar Gulani ta Yobe ta ƙare, ƙasar Barno ta fara.

Ka je ofishin babban safiyo na jiha ka nemi abu biyu: rubutaccen bayanin iyakar da aka buga a gazet (jaridar sanarwar gwamnati), da taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:50,000 ko 1:100,000. Yawancin waɗannan taswirori sun girmi jihohin kansu. An yanki Yobe daga Barno ranar 27 ga Agusta 1991, Gombe kuma daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, saboda haka ba za ka ga waɗannan sunaye a kai ba. Abin da za ka nema shi ne layin da ya raba Lardin Bauchi da Lardin Barno, sannan layin gunduma da ya zo ya same shi daga gabas. Bayanin gazet yakan tafi ne daga alama zuwa alama: daga kan tsauni kaza zuwa mahaɗar rafi kaza, a bi rafin zuwa inda hanyar ƙafa ta tsallake shi. Ka kwafe sunayen alamomin ɗaya bayan ɗaya, ka kai wa dagatai da dattawan ɓangarorin uku. Ban da jin ɓangare ɗaya. Inda bakin ukun ya zo ɗaya da abin da ke takarda, nan za ka duba ko akwai bikon, turken siminti mai lamba a kansa.

Abubuwan da ke ɓata wannan aiki sanannu ne. A taswirar 1:50,000, santimita ɗaya mita 500 ce a ƙasa, kaurin layin alƙalami na milimita ɗaya kuwa mita 50 ne. A ta 1:250,000 wannan layi ya cinye mita 250, faɗin gona guda. Sannan tsoffin taswirorin Najeriya an auna su ne da tushen awon Minna, waya kuma tana aiki da wani tushen awo daban na duniya mai suna WGS84. Idan ka ɗauki lamba daga tsohuwar taswira ka zuba a waya ba tare da an juya ta ba, za ka kauce da gomman mitoci, ƙari a kan kuskuren wayar kanta na mita 3 zuwa 10 a fili. Mafi muni shi ne rikita digiri da minti: 10.30 ba ɗaya yake da 10°30′ ba, tsakaninsu akwai kusan kilomita 22. Su ma alamomin ƙasa ba sa dawwama. Kukar da aka ambata ta faɗi, ƙauye ya tashi ya koma bakin titi da sunansa ya bar kufai, kuma kufan ne bayanin yake nufi. A wurinka akwai ƙarin matsala: madatsar Dadin Kowa da aka gina a shekarun 1980 ta tara ruwa ya haura bakin kogin na da, don haka alamar da ke gaɓa tana iya kasancewa a ƙarƙashin tafki.

Ka tafi da rani. Ka sanar da hakimi, ka ji ta bakin jami'an tsaro kafin ka ɗebi 'ya'yan mutane, ka kuma bayyana wa kowa cewa karatu ya kawo ku. Baƙon da aka gani da taswira a bakin iyaka, nan da nan ake zaton ƙasa ya zo yanka. Idan kun sami bikon, ku ɗauki hotonsa da lambarsa, kada wanda ya taɓa shi, tuge shi laifi ne.

Tambaya: Idan na dubi taswirar jihar Bauchi sai in ga ta tsuke a tsakiya, Gwaram ta Jigawa ta kutso cikinta. Mu a Azare, Dutse ta fi mana kusa da Bauchi. Wa ya yi wannan rabo? — Wata ɗaliba, Azare

Amsa: 'Yar'uwa, ba mutum ɗaya ya yi shi ba, kuma ba rana ɗaya aka yi ba.

Bayan jihadin 1804, masu tuta sun kafa masarautu: Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Malam Ibrahim Zaki a Katagum. Iyakar masarauta a lokacin ba layi ba ce. Gari na wanda yake kai wa haraji da gaisuwa ne, tsakanin garuruwa kuma daji ne na mafarauta da makiyaya wanda ba a damu a raba ba. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, Kano da Sakkwato a 1903, aka kuma yi yaƙin Burmi kusa da Bajoga a watan Yulin wannan shekara, abin da suka fi buƙata shi ne sanin wanda zai tara musu haraji da jangali daga kowane ƙauye. Sai Di'o da hakimai suka jera ƙauyuka, aka zagaye na kowane sarki da layi. Duk lanƙwasar da kike gani, yawanci wani ƙauye ne aka kewaye don ya zauna wajen sarkin da yake bi.

A da Gwaram ƙasar Sarkin Kano ce. Ita da Birnin Kudu garuruwan bakin iyaka ne da suka sha fama da hare-haren Ningawa a ƙarni na 19. Saboda haka ta bi Lardin Kano, ta shiga jihar Kano a 1967, ta faɗa Jigawa a 1991. Ningi kuwa, wadda ta ƙi miƙa wuya ga Kano da Bauchi daga cikin duwatsunta, Turawa sun sa ta a Lardin Bauchi.

Ku kanku mutanen Katagum da Lardin Kano kuke a da. An mayar da hedikwatar masarautar daga garin Katagum zuwa Azare a 1916, sai a 1926 aka ciro yankin aka haɗa shi da Lardin Bauchi. A wannan shekarar ce aka yi babban garambawul: aka yanke Jos da kewayenta daga Bauchi aka kafa Lardin Filato, aka rushe Lardin Muri. Wase, wadda a da take bin Sarkin Bauchi, ta ƙare a Filato. Bauchi ta yi asarar kudu maso yamma, ta sami arewa, aka bar Gwaram a tsakani. Wannan ne asalin tsukewar.

Sojojin da suka ƙirƙiro jihohi ba su sake awo ba, tsoffin larduna suka rarraba. Gowon ya haɗa Bauchi cikin jihar Arewa maso Gabas a 1967 da hedikwata a Maiduguri. Murtala ya mayar da tsohon lardin jiha ranar 3 ga Fabrairu 1976, kuma a shekarar aka naɗa kwamitin Mai Shari'a Mamman Nasir ya duba koke-koken iyaka. Da Abacha ya ciri Gombe, ƙasar masarautar Gombe da ta Tangale-Waja aka ɗauka. Shi ya sa gadar Dindima a kan Gongola ba ita ce iyaka ba, kamar yadda matafiya da yawa suke zato. Sai an wuce Alkaleri da sauran tafiya kafin a shiga Gombe.

Tambaya: Man Kolmani na Bauchi ne ko na Gombe? Wa ke da ikon yanke wannan magana? — Wani ɗan kasuwa, Pindiga

Amsa: Alhaji, filin man ya ratsa ɓangarorin biyu, Alkaleri a Bauchi da Akko a Gombe. Kamfanin NNPC ya sanar da gano shi a Oktoba 2019, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 22 ga Nuwamba 2022. A doka, ma'adinin ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Abin da jiha ke samu shi ne kason da bai gaza kashi 13 cikin ɗari ba na kuɗin da aka samu daga albarkatun ƙasarta, kuma a nan ne wurin da kowace rijiya ta faɗa yake da nauyi.

Mai aikin tantancewa ita ce Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1987, aka sabunta dokarta a 2006, Mataimakin Shugaban Ƙasa ne shugabanta. Kowace jiha tana da kwamitinta ƙarƙashin mataimakin gwamna. Jihohin biyu sukan kawo takardunsu, a amince da waɗanda za a yi aiki da su, safiyoyin tarayya da na jihohin su fita tare su bi layin, sannan a kafa turaku. Idan jihohi sun kasa jituwa, Kotun Ƙoli ce ke sauraren ƙararsu kai tsaye. Wannan duk gano iyakar da take nan ne. Matsar da ita wani abu ne daban: sashe na 8 na kundin tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankunan da abin ya shafa, a Majalisar Tarayya da ta jiha da kansiloli, sun goyi baya, sannan majalisun su amince. A ganinmu kuskure ne babba a bar iyaka ba turke har sai an gano dukiya a wurin, domin a lokacin kowane dattijo ya riga ya san amsar da ake so ya bayar.

Tambaya: Rafin da muke ɗauka iyakarmu da wata jiha ya sauya hanya a daminar bara, gonata ta koma tsallake. Ta fita daga hannuna ke nan? — Wani manomi, Balanga

Amsa: A'a, Baba, gonarka tana nan taka. Iyakar jiha tana raba ikon hukuma ne, ba ta ƙwace gonar kowa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: idan rafi yana cin gaɓa sannu a hankali shekara da shekaru, iyaka tana binsa, idan kuwa ya ɓalle dare ɗaya ya yi sabuwar hanya, iyaka tana nan a tsohon kwarin. Amma sai an duba ko bayanin gazet tsakiyar rafin ya ambata ko ɗaya daga gaɓoɓinsa.

Tun tsohon kwarin bai cike da yashi ba, ka kira dagacinku da na tsallake da maƙwabtan gonar su gani da idonsu. A ɗauki hoto, a rubuta takarda da kwanan wata, kowa ya sa hannu, ka ajiye kofi ɗaya ka kai ɗaya sashen filaye na ƙaramar hukuma. Ka dasa itatuwa ko ka jera manyan duwatsu a kusurwoyin gonar kafin ruwan bana ya sauka.