Amsar Alhaji kan allurar ƙarfin maza

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari muryarka tun da safe, ina bakin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce shekara 58, abin ya fara ja da baya wajen iyali, kuma yaron kemis ya ce maka sinadarin maza ne ya ƙare, ka sayi allurar testosterone, wato shi sinadarin mazan. To, kada ka saya tukuna.

Gaskiya ne sinadarin yana raguwa. 'Ya'yan maraina ke yin sa, kuma daga wajen shekara 40 yana sauka kamar kashi 1 cikin 100 duk shekara. A hankali ne, ba kamar na mata ba da al'ada ke ɗaukewa gaba ɗaya. Amma babban aikinsa sha'awa ce. Shi ke sa ka ji kana so. Ita kuwa miƙewar gaba aikin jini ne: jijiya ta buɗe, jini ya cika, ya tsaya. Saboda haka tambayar da zan maka, kuma ba sai ka amsa a nan ba, ka bi ni ta bayan fage: sha'awar ce ta mutu, ko kana so jikin ne ya ƙi? In sha'awa ta tafi, ga kasala, ga miƙewar asuba ta daina zuwa, to sai mu zargi sinadarin. In kuwa zuciya na so gaba ta ƙi, yawanci jijiyoyin jini ne.

Nan ne nake so ka tsaya. Jijiyoyin gaba ƙanana ne, milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. In kitse ya fara toshe hanya, ƙaramar ke fara nunawa. Shi ya sa raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya zuwa da 'yan shekaru. Ciwon suga, hawan jini, sigari, su ne manyan ɓarayin. Mu kuwa komai sai mu ce basir ne ko sanyi, a yi ta shan jiƙo, suga na can yana cin jijiya.

Sai tumbi, Alhaji, ka yi haƙuri, na gan ka a ɗaurin auren nan. Kitsen ciki yana juya testosterone ya koma sinadarin mata, estrogen. Mutum ya rage tumbi, sau da yawa sinadarin kan ɗaga da kansa. Tramadol ma na kassara shi, haka wasu magungunan hawan jini na taɓa ƙarfi, amma kada ka daina sha da kanka, likita zai canja maka.

Hanyar gane ko sinadarin ya yi ƙasa gwajin jini ne, da safe tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10, kafin ka karya, kuma sau biyu a ranaku daban, domin na yamma yakan fito ƙasa ya ruɗe mutum. Likitocin mafitsara na Amurka sun sa iyaka a 300 ng/dL, wato ma'aunin sinadarin a jini; in ya gaza haka, ya yi ƙasa. A haɗa da na suga da na kitse, a auna hawan jini.

In ka yi allurar ba ka da buƙata, jikinka zai daina yin nasa, maraina su motse, maniyyi ya ragu har haihuwa ta tsaya, kai da amarya take jiran ɗa. Allurar tana kuma kaurara jini, sannan dole a duba furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kafin a fara.

Ƙwayar sildenafil kuwa, wadda ake kira Viagra, tana aiki, amma mai shan maganin ciwon ƙirji irin na nitrate kada ya kusance ta, jini kan faɗi warwas. An sha samun ta ɓoye cikin magungunan ƙarfin maza da ake cewa na gargajiya ne zalla.

Ka yi gwajin cikin makon nan, ka turo min hoton takardar. Bari in je, an kira la'asar.