Amarya, dafodil ba a watan Maris ake shuka shi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Amarya, na ji saƙonki tun da rana, aiki ne ya riƙe ni, kuma in na ce rubutu zan yi zai yi tsawo, gara kawai in yi magana. Kin ce kin ga wani fure ruwan ɗorawa ya cika gefen titi da wuraren shaƙatawa nan Lids ta Ingila, kina so ki shuka a ɗan filin bayan gidanku, kina tambayar inda ake sayar da irinsa, da kuma ko za ki iya aika wa Umma a Kano. To, dafodil ke nan.

Sai dai ƙanwata, na bana ya wuce ki. Wannan da kike gani yanzu a Maris, tun Satumba ko Oktoban bara aka binne shi. Kuma ba iri ake yafawa kamar alayyahu ba, albasa gare shi, ita ake binnewa. In an bi ta iri sai an yi shekara biyar ko fiye kafin a ga fure, wa ke da wannan haƙurin? Ita kuwa albasar, lokacin da kika saye ta furen yana nan a naɗe a cikinta, sanyi kawai yake jira ya ratsa shi. In dai yanzu-yanzu kike so, ki shiga kantin Aldi ko Lidl ko B&Q, za ki ga wasu gajeru a 'yan tukwane, Tête-à-tête aka rubuta a jiki, ba su wuce santimita 15 ba. Ki ajiye a taga. In furen ya gama kar ki zubar, ki binne su a fili, baɗi za su fito.

Yauwa, in Allah ya kai mu ƙarshen Agusta za ki fara ganin albasar a shaguna cikin buhunan raga. Ki riƙa matsawa da hannu. Wadda ta yi tauri, tana da nauyi, ita ce. Wadda ta yi laushi ko gindinta ya yi baƙi, ko ta yi fumfuna, ki bar musu kayansu ko da sun karya kuɗin. Kuma babba ta fi ƙarama ba da fure. In kina son ruwan ɗorawan nan manya irin na gefen titi, ki nemi Carlton ko Dutch Master. February Gold yana riga su fitowa. Thalia fari ne tas, ni shi na fi so, ko da yake maigidan cewa yake in ba rawaya ba ne to ba dafodil ba ne.

To, zurfin rami, a nan mutane suke kuskure, ki saurara da kyau. Ki duba tsayin albasar, ki haƙa ninki uku na wannan tsayin. Babba za ta ci kamar santimita 15, wato dai kusan tsawon tafin hannunki har da yatsu. Tsinin ya kalli sama, gindin mai 'yan busassun saiwoyi ya zauna a ƙasa. Tsakanin wannan da waccan ki bar faɗin albasa biyu. Na san ƙasar nan tamu, laka ce, kina sa ɗan cebur santimita biyar hannu zai gaji, ki ce ai ya isa. Bai isa ba wallahi. In kika binne ta sama-sama, shekarar farko za ta yi miki fure ki yi ta murna, ta biyu sai ganye zalla. Kuma saboda lakar, ki cakuɗa ƙasar da 'yar tsakuwa da takin kompos, don in ruwa ya kwanta mata duk hunturu ruɓewa take yi. Kar ki jera su a layi kamar gero. Ki zuba bakwai, goma wuri guda, ya fi kyan gani. Wurin ya zama yana samun rana ko da rabin yini ne.

Daga nan kin gama. Ki ba su ruwa sau ɗaya ki rabu da su, ruwan Ingila ya ishe su. Ƙanƙara ba ta kashe su. Kurege ma da ke tone wa mutane albasar furen tulif ba ya cin wannan. In a tukunya kika sa, to ta zama mai huda a ƙasa, ki riƙa leƙawa kar ta bushe ƙamas.

Maganar da ta fi duk waɗannan ita ce bayan furen ya gama. Zai yi sati biyu, uku, ya yanƙwane. Ki tsinke kan da ya mutu don kar ya ɓata ƙarfinsa wajen yin iri. Amma ganyen, Amarya, don Allah kar ki taɓa shi sai ya yi aƙalla sati shida, ya koma rawaya ya kwanta da kansa. Zai yi muni, na sani, zai barbaje, hannunki zai yi ta ƙaiƙayin almakashi. Wasu tsofaffin Turawa ma za ki ga sun ƙulle ganyen sun ɗaure da roba wai don tsafta, kar ki kwaikwaye su. A wannan sati shidan ganyen yake shan rana yana tura abinci ƙasa, albasar ita ce rumbun, abin da ta tara shi ne furen baɗi. In kika yanke da wuri kin yanke na baɗi. In a cikin ciyawa kika shuka, ki faɗa wa angon naki ya kewaye wurin da injin yankan ciyawarsa har wajen Yuni. In kina da takin ruwa na tumatir, ki ɗan riƙa ba su a lokacin. Bayan shekara huɗu ko biyar, in kika ga sun cunkushe fure ya ragu, ki tone ki rarraba, har maƙwabta ki ba.

Af, ga wata magana, wannan ta kowa ce a gidan nan, musamman masu yara da masu tsofaffi da suka zo ziyara daga gida. Albasar nan guba ce, ganyen ma haka, furen ma haka. Kuma kamarta ɗaya da albasar miya, har ɓawon nan ruwan ƙasa, ganyen kuma in ba ka lura ba sai ka ce lawashi ne. Bambancin, ba ta warin albasa. In aka ci, amai da gudawa da murɗar ciki. Ba wasa nake ba, a 2015 sai da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su daina ajiye dafodil kusa da kayan miya, don mutane na saye suna dafawa. Saboda haka buhun kar ya shiga kicin ko na minti ɗaya. In yaro ya ci, a kira 111, lambar neman taimakon lafiya ta nan Ingila. Masu kyanwa ma su kula. Ki sa safar hannu, ruwansa yana sa wasu ƙaiƙayi. Kuma na gefen titi na kansil ne, wato hukumar gari, a bar shi a inda yake.

Batun Umma kuwa, gaskiya ba zai yi a Kano ba. Yana buƙatar kamar wata uku cikin sanyin da bai wuce digiri 9 ba, dare da rana. Hunturunmu da asuba ne ake kaɗuwa, rana na fitowa an cire rigar sanyi. Ganye zai iya fitowa, fure dai babu, zafin Afrilu kuma ya ƙarasa shi. Ga shi shiga da tsiro Najeriya sai da takardar izini. Ki ce mata ta sa a nemo mata albasar kwaɗi, danginsu ɗaya, mai farin fure da ratsin ja, ruwan farko na sauka take fitowa. Ita ma dai ba a ci.

In Satumba ta zo ki taɓa ni, ina da wasu a gindin katanga da suka isa rabawa, sai in tono miki. Ki gaida angon. Sai anjima.