Wane Madubin Saiti Zan Ɗora Wa Bindigata Saboda Dilan Da Ke Cinye Min Kaji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina kiwon kaji da 'yan awaki a bayan Lamingo, nan Jos. Tun shigowar sanyi dila ya addabe ni, har ɗan akuya ya ɗauke. Ina da bindiga mai baki biyu, faɗin bakinta lamba 12, da lasisinta, amma da dare ba na ganin ƙwallon saitin. Wani mai shago ya ce in sayi madubin hangen nesa, da zarar na hango ido yana ƙyalli in danna kawai. Hankalina bai kwanta ba, don akwai ruga kusa da ni. Me zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya mayar maka da alheri. Madubin hangen nesa dai kada ka saya. Bindigarka iyakar aikinta mita 30 zuwa 40, madubi kuma ba ya ƙara wa harsashi tafiya. Ƙuntata maka gani zai yi, ka ga kan dila, ka kasa ganin abin da ke gefensa. In kuma ka matsa ido kusa, bugun lamba 12 zai tsaga maka gira.

Abin da ya dace da kai shi ne madubin saiti mai jan ɗigo, wato mai nuna maka ɗigon haske ja a wurin da ka auna, wanda ba ya kusanto da komai, kana saiti idanunka biyu a buɗe. Ka duba yana da makunnin rage haske har ƙasa sosai, domin ɗigo mai ƙarfi cikin duhu rufe dabbar yake yi. Ka guji na araha da aka yi don bindigar wasa, harbi kaɗan saitinsa ke gocewa. Ka riƙe batirin ko-ta-kwana a aljihu, sanyin Jos yana cin batiri. Sannan da rana ka kafa kwali a mita 25, ka sake kafawa a mita 35, ka harba da irin harsashin da za ka yi aiki da shi. Inda ka ga 'ya'yan harsashin sun watse sun bar gibi, nan ne iyakarka.

Yanzu maganar mai shagon nan, wadda ta fi komai tayar min da hankali. Kullum sai na ji ta a bakin matasan maharba: wai idon mutum ba ya ƙyalli, saboda haka duk idon da ya ƙyalla halal ne a harbe shi. Gaskiya ne idon mutum ba ya mayar da hasken fitila kamar na dabba, domin ba shi da wannan shimfiɗar ta bayan ido. To sai me? Idon saniya yana ƙyalli. Na akuya yana yi, na karen maƙwabcinka yana yi, na kyanwar gidanka ma haka. Ɗan maraƙi a kwance cikin ciyawa, tsayin idonsa daga ƙasa bai wuce na dila a tsaye ba. Kuma wa ke kwana kusa da maraƙi? Yaron da ke tsaronsa. Shi idonsa ba zai ƙyalla ba, ba za ka gan shi ba, harsashinka kuwa watsuwa yake yi, ba ya zaɓe. 'Ya'yan da suka kuskure dila suna ci gaba da tafiya ɗaruruwan mita da ƙarfin raunata mutum.

Masu cewa suna gane dabba da launin ido, wai ja na mai cin nama ne, kore na mai cin ciyawa, su ma kada ka saurare su. Launin yana sauyawa da irin fitilarka da kuma gefen da dabbar ta juyo. Na taɓa haska ido biyu a gindin dutse, na rantse dila ne, yatsana na kan kunama. Allah Ya sa na ƙara taku biyar. Tunkiya ce ɗaure, wata dattijuwa na zaune a bayanta. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Kuma kai ɗan Filato ne, ka san abin da saniya ɗaya da aka harbe cikin dare ke iya jawowa gari. Sai ka ga jikin dabba gaba ɗaya, kunne da jela da tafiya, ka kuma san abin da ke bayanta, kafin ka ɗaga bindiga. Don haka ka riƙe fitila mai ƙarfi a hannu dabam. Wanda ke neman abu da fitilar da ke jikin bindiga, duk abin da ya haska ya riga ya auna shi.

Na'urar ganin dare da ake tallatawa a Facebook kuwa, shigo da ita yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Dillalin ba zai gaya maka ba, kai za a kama da ita a shingen sojoji. Lasisin da ka samu a ƙarƙashin dokar makamai ta 1959 ma na riƙe bindiga ne, bai ba ka izinin farautar dare ba. Ka je sashen namun daji na ma'aikatar jiha ka kai kukan ɓarnar, ka nemi amsa a rubuce, ko za su yi ta ce maka je ka dawo. Ka sanar da DPO da mai unguwa da ardon rugar nan, kada ƙarar bindiga ta tashi mutane tsakar dare.

Kafin duk wannan ya kammala, ka binne wayar raga ƙarƙashin katangar akurkin, don dila tona ƙasa yake yi, ka kuma daina yar da matattun kaji a bayan gona. Warinsu ne ke kiransa.