Fasa-ƙwauri, kuɗin fito da harba-ka-ruga: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan mako yawancinsu daga ɗaliban tarihi suka fito, masu karanta dokokin da Turawan mulkin mallaka suka kafa a tashoshin jiragen ruwa don tsare shigowar makamai. Na haɗa su wuri ɗaya tunda kalmomin da suke tambaya a kansu suna tafiya tare.

Allah ya gafarta Malam, malaminmu ya ce a 1890 Turawa sun hana "fasa-ƙwaurin makamai" ta teku. Mene ne asalin fasa-ƙwauri, kuma daidai yake da sumoga? (Ɗalibi daga Zariya)

Kalmar ba ta ɓoye komai ba: fasa, da ƙwauri. Wanda ya bar hanyar da kowa ke bi, ya kutsa daji cikin dare da kaya a ka don kada mai karɓar haraji ya gan shi, ƙwaurinsa ne zai sha kututture da dutse. A ganina daga nan sunan ya fito. Sumoga kuwa aro ce daga Turanci, kuma ba ta ɗauke da komai sai ma'anar tsurarta. Ban hana kowa faɗarta a kasuwa ba, amma ɗan jaridar da yake da fasa-ƙwauri a hannu ya ajiye ta ya ɗauki sumoga, ragwanci ne kawai. Haka masu cewa "safarar makamai" alhali fasa-ƙwauri suke nufi. Safara ciniki ne na kai kaya daga gari zuwa gari, kakanninmu sun yi safarar goro daga Gwanja da mutuncinsu. Sai an ƙara "ba bisa ƙa'ida ba" kafin ta zama laifi.

To amma ɗana, jimlar malaminku tana buƙatar gyara ta fuskar tarihi ma. Abin da aka yi a 1890 shi ne yarjejeniyar birnin Brussels na Beljiyam, wadda aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar, ta fara aiki a 1892. Sunanta na yaƙi da cinikin bayi ne, a ciki aka saka babin makamai. Aka shata yanki daga layin digiri 20 arewa da ikwaita zuwa digiri 22 kudu da ita, daga tekun Atlantika zuwa tekun Indiya, har da tsibiran da ba su wuce mil 100 daga gaɓa ba. Duba taswira za ka ga layin arewa ya bi ta sama da Agadas da Bilma. Wato ƙasar Hausa kaf tana ciki, Tarabulus tana waje.

A cikin wannan yanki, duk bindigar da jirgi ya sauke dole a kai ta ma'ajiyar gwamnati da ke tashar, kuɗin ajiya da asarar da ta faru duk a wuyan mai kaya, kuma ba ta fita sai da izinin hukuma. Bindiga ta zamani, mai tsaga a cikin bututu wadda ke sa harsashi ya tafi nesa ya kuma tafi daidai, ko wadda ake ɗura wa harsashi ta gindi, ba a fitar da ita don sayarwa. Ana ba mutum ɗaya-ɗaya wanda hukuma ta amince ba zai sayar ko ya bayar ba, a rubuta ta a littafi, a buga mata hatimi, a ba shi takardar izini ta shekara biyar. Tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushi na kasuwa kuwa, an yarda a fitar da su a sayar, sai dai ban da yankunan da aka ce ana cinikin bayi, kuma ɗan kasuwa ya kawo lissafin inda kayansa suka tafi kowane wata shida.

Ka ga ke nan tankaɗe aka yi: tsohon makami ya wuce wurin baƙar fata, sabo ya tsaya a hannun sojan gwamnatin mallaka, domin dokar ba ta taɓa makaman da gwamnatocin suka shigo da su don rundunoninsu ba. Ranar da aka shata wannan layi ne cinikin da jiya yake safara ya wayi gari ya zama fasa-ƙwauri. Abin da nake so ɗalibai su riƙe ke nan duk lokacin da suka ci karo da kalmar a takardun Turawa: su tambayi wa ya shata iyakar, kuma yaushe.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na mutanen Nembe, waɗanda Turawa ke kira Brass, a bakin Kwara. Tun kaka da kakanni suke hawa kogin da kwale-kwalensu suna ciniki. Da kamfanin Royal Niger na George Goldie ya sami takardar izinin mulki daga Ingila a 1886, ya mai da Akassa ƙofar shiga kogin, ya sa haraji da kuɗin lasin, ya kuma lissafa mutanen Nembe cikin baƙi tunda garinsu yana wajen iyakar kamfanin. Wanda ya je kasuwar ubansa ba tare da takarda ba ya zama ɗan fasa-ƙwauri, ana ƙwace kwale-kwalensa, ana harbinsa. Da yunwa ta ishe su, a watan Janairun 1895 Sarki Koko ya jagorance su suka afka wa Akassa. Wannan kamfani da ya tsare bakin kogi shi ne ya kai yaƙi Bidda da Ilori a 1897 da igwa da bindiga mai sarrafa kanta. Bayan shekara shida, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi, mahaya da masu da takubba da ƴan tsirarun bindigogi a gaban makaman da aka hana su saye.

Malam, "kuɗin fito" da ake cewa kwastan na karɓa, daga "fita" yake? Ai kayan shigowa suke yi. (Mai karatu daga Maraɗi)

Daga fito yake, wato ƙetarar da mutane da kaya a kogi cikin jirgi. Abin da fatake ke biyan mai fito a mashigi shi ne kuɗin fito. Da aka zo da harajin kayan da suka ƙetaro teku, Bahaushe bai wahalar da kansa ba, ya ɗora masa sunan da ya sani. Kalma ce mai kyau, ku riƙe ta.

Fito-na-fito fa, yana da alaƙa da shi?

Babu. Wannan kira ne na faɗa: ka fito, in fito.

Ranka ya daɗe, ina bambancin albarushi da harsashi? A rediyo ina jin ana cewa an kama "alburusai dubu kaza". (Malamar makaranta daga Katsina)

Malama, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Albarushi gari ne, baƙi, wanda ke kamawa da wuta. Daga Larabci yake, al-barud. Ana auna shi, ba a ƙirga shi, kamar yadda ba a ƙirga garin tuwo. Harsashi shi ne abin da ke fita ya sami abin da aka harba, shi ma daga Larabci, rasas, wato dalma, tunda da ita ake zuba shi. Na zamani ya haɗa ƙwayar da albarushin cikin kwanso ɗaya, shi ya sa bakin mutane ya cakuɗa su. Na san "alburusai" ta riga ta zauna a gidajen rediyo, ba kuma wasiƙata ce za ta tashe ta ba. Amma mai rubuta tarihi ba shi da wannan uzuri, saboda dokar 1890 a kan wannan bambanci ta tsaya: albarushin kasuwa na iya fita daga ma'ajiya, har an yarda a ajiye shi a sito na ɗan kasuwa a tashar teku, harsashi mai kwanso kuwa a'a. Wanda ya fassara su da kalma ɗaya ya shafe dokar gaba ɗaya.

Tunda mun zo nan, bindiga ma Balarabiya ce, bunduƙiyya. Sunayen nan uku sun nuna ta inda makamin ya fara iso mu, ta hamada, tun kafin bakin teku ya zama babbar ƙofa. Mai Idris Alooma na Barno yana da ƴan bindiga tun ƙarni na 16, kuma Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, a ƙarni na 18, shi ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, har ana ƙera masa igwa a gida. Ina jin zafin yadda "ƴan bindiga" ta koma sunan ɓarayin daji a yau, har yaro ya ji an ce ƴan bindigar sarki sun fito hawan salla ya firgita.

Mece ce harba-ka-ruga?

Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki a daka shi da sanda, wadda wasu ke kira adaka, yau kuma aka fi cewa bindigar toka. In ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗurawa abin da ka harba ya iso ka, don haka ka ruga. Turawan Ingila sun danganta ta da mutanen Denmak da suka yi ciniki a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake da yawa a Birmingham da Liège aka ƙera su. Ita ce dai wadda dokar ta bar mana.

Malam, mun yi gardama a aji: "mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi" ake cewa ko "ya ɓige"? Kuma ya dace da Turawan nan? (Ɗaliba daga Kano)

Duka biyun ana faɗa, bambancin baki ne kawai, kada ku ɓata lokaci a kai. Ma'anarsa wanda ya kafa doka shi ya fara karya ta. Ya dace, amma ƴata, ki kawo hujja, kada ki jefa karin magana ki tafi. Karin magana ba ya zama a madadin shaida, kuma ɗalibai da yawa sun mai da shi mafaka in karatu ya ƙare musu.

Ga hujja. Jibuti tana cikin yankin da aka shata, a lokacin tana hannun Faransa wadda ta sa hannu, amma ta zama babbar kasuwar bindigogin zamani masu shiga Habasha da ƙetara Bahar Maliya. Maskat kuwa, a ƙasar Oman, tana wajen yankin, kuma Faransa na da yarjejeniyar ciniki da sarkinta tun 1844. Bindigogin da masana'antun Ingila da Beljiyam da Faransa suka ƙera suna sauka can a fili, daga nan ƙananan jiragen Larabawa masu filafilai su kwashe su cikin dare zuwa gaɓar Makran da ke kudancin Iran da Pakistan na yau, raƙuma su kai su Afganistan da iyakar Indiya, inda ake harbin sojan Ingila da su. Wasu jiragen suna ɗaga tutar Faransa don kada jirgin yaƙin Ingila ya bincike su, rigimar tutar har ta kai kotun sulhu ta Hague a 1905. Sai da Ingila ta jibge jiragen yaƙi a mashigin tekun Fasha, sannan a 1912 Sarki Faisal bin Turki ya yarda aka buɗe ma'ajiyar makamai a Maskat wadda duk bindiga sai ta bi ta cikinta da lasin. Bayan yaƙin duniya na farko aka sake wata yarjejeniya a Saint-Germain a 1919, wadda ta sa ido musamman kan jiragen ƴan ƙasa da ba su kai tan 500 ba, amma ba ta yi ƙarfi ba don Amurka ba ta tabbatar da ita ba. Ki lura da wanda ake tsarewa a bincika: mai ƙaramin jirgi. Mai masana'anta yana gida.

In kina son wani karin maganar don wannan darasi, "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" ya fi kama yanayin gaɓar Afirka ta Yamma, inda a lokacin Legas ke hannun Ingila, Kwatano hannun Faransa, Lome hannun Jamus, kowace da nata haraji da nata sassauci. Samori Ture, sarkin da ya yaƙi Faransa a yankin Gini, ya daɗe yana samun bindigogin zamani ta Firitawun ta ƙasar Saliyo kafin Ingila ta toshe hanyar, aka kama shi a 1898. Kuma a ce "ƙadangare", da ƙ mai lanƙwasa. Na gaji da ganin "kadangare" a rubutun waɗanda suka gama jami'a.

"Tashar jiragen ruwa" Hausa ce tsantsa?

Rabi. Tasha aro ce daga Turanci, ta shigo da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Jirgi kuwa namu ne, kuma asalinsa na ruwa ne. Sai da na ƙasa da na sama suka zo aka fara ƙara masa "ruwa" don a bambanta.

Lasin ko lasisi? Kuma dokokin nan sun mutu da mulkin mallaka? (Maharbi daga Bauci)

Duk wanda bakinka ya saba, ni lasin nake cewa. Dokokin kuwa ba su mutu ba. Dokar makamai ta Najeriya da ta fara aiki a 1959 ita ake amfani da ita har yanzu, kuma ta raba bindigogi gida uku: waɗanda aka hana, na kai waɗanda ake ba lasin, da masu ɗuri ta baki irin taka. Ma'ajiyar makamai ta gwamnati ma tana cikinta. Tashar teku kuma ba ta daina zama ƙofa ba: a watan Oktoban 2010 an kama kwantena 13 na makamai a Apapa, an rubuta su a matsayin kayan gini. Ka je ka sabunta takardarka kafin lokacin farauta.