Tambayoyinku kan fasaha: farashin da ya ɓace, da bashin watan jiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe wa maigidana lissafin shagon sari a babbar kasuwar Maraɗi, kuma MySQL 8, manhajar rumbun bayanai, muke amfani da ita. Jiya da la'asar na tashi sauya kuɗin buhun shinkafa, sai na manta ban sa WHERE ba, wato sharaɗin da ke zaɓen layin da za a sauya. Yanzu sukari, taliya, man gyaɗa, duk kuɗinsu ɗaya. Akwai mafita? (Mai karatu daga unguwar Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai mafita in Allah ya yarda. Kafin komai, ka tsayar da shigar da ciniki, ka kwafi rumbun bayanan yadda yake zuwa wani wuri, don kada gyara ya ƙara ɓarna.

ROLLBACK, umarnin janye sauyi, ba zai yi maka amfani ba yanzu, domin MySQL na tabbatar da kowane umarni nan take, sai in ka fara da START TRANSACTION. Abin da zai cece ka shi ne binlog, wato kundin da ke rubuta duk sauyin da aka yi. A MySQL 8 yana zuwa a kunne, yana kuma riƙe tarihin kwana 30 in ba a taɓa saitinsa ba. Ga kowane layin da aka sauya, yakan ajiye yadda yake a dā da yadda ya koma. Ka buɗe shi da mysqlbinlog, manhajar karanta binlog, ka haɗa da -v da --base64-output=DECODE-ROWS, ka gangaro zuwa la'asar ɗin jiya. Tsohon farashin kowane kaya na nan ƙarƙashin WHERE, sabon kuma ƙarƙashin SET.

In kana da ajiyar shekaranjiya, wato kwafin rumbun (backup), aikin ya fi sauƙi: ka zuba ta a wata kwamfuta dabam, ka bi ta da binlog har zuwa minti ɗaya kafin kuskuren ta hanyar --stop-datetime, sannan ka ɗauko jadawalin farashi kaɗai. Kada ka zuba ta kan rumbun shago, don cinikin da aka yi daga jiya zuwa yau zai tafi. Kuma ka gaya wa Alhaji tun yau, kafin yaran shago su sayar da kwalin taliya a kuɗin shinkafa.

Masu XAMPP, kunshin manhajojin gina shafin intanet, su lura: MariaDB, ƴar'uwar MySQL, ke cikinsa, kuma a can binlog a kashe yake zuwa. Wannan na damuna ƙwarai, don ɗalibanmu da yawa da shi suke gina wa ƴan kasuwa manhaja.

Tambaya: Malam, ana iya ganin yadda bashin wani abokin ciniki yake a ƙarshen watan jiya ba tare da an mayar da komai baya ba? (Ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo)

Amsa: Ana iyawa ƙanwata, amma sai an umarci jadawalin tun farko ya riƙa ajiye tarihinsa. Ƙa'idar SQL (harshen rumbun bayanai) ta 2011 ce ta tsara wannan. SQL Server 2016 da MariaDB 10.3 duk sun ɗauka. A MariaDB ki rubuta ALTER TABLE bashi ADD SYSTEM VERSIONING. Daga lokacin, duk layin da aka gyara ko aka goge yana nan a ɓoye tare da lokacinsa, sai ki kira shi da FOR SYSTEM_TIME AS OF da ranar da kike so. Abin da ya wuce kafin ki kunna, babu shi.

Rumbun bayanai na Oracle na da AS OF TIMESTAMP, sai dai saitinsa na asali na riƙe tarihi daƙiƙa 900 ne, wato minti 15, don haka kada ki dogara da shi kan lissafin wata guda. In kuma SQL Server kike aiki da shi, da agogon duniya na UTC yake rubuta lokaci, namu na Nijar kuwa yana gaba da awa ɗaya. In kina neman ƙarfe 12 na dare a Maraɗi, ƙarfe 11 na dare za ki rubuta.